Ƙafar Gawa a Ƙofar Gareji

Duk wanda ya taɓa zama a Larkhill ya san Wendell Barkus, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Mutum ne da Allah ya ba shi maƙogwaro ya hana shi kunne. Kafet ya yi ta sayarwa har ya yi ritaya, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya dafa ƙirji ya ce, "Ni ai ɗan opera ne. Na yi aiki a babban gidan opera na New York." Kuma ba ƙarya ya yi ba, ya yi aikin. Kafet ɗin matakala ya je ya shimfiɗa musu. Matarsa Lorna ma ta ce ko waƙa ɗaya bai ji ba, don a lokacin mawaƙan duk sun tafi hutu.

To mu a Larkhill ba mu da kogi, ba mu da dutse, ba mu taɓa haifar gwamna ba. Abin tinƙahonmu ɗaya ne tak, ƙungiyarmu ta opera, wasan nan da ko ruwa mutum zai roƙa sai ya rera shi da waƙa. Maginan Italiya da suka gina gidajen unguwar bayan yaƙi su suka kafa ta. Ba su da zaure, sai suka yi wasansu na farko a garejin babbansu, Tedesco. Mawaƙa a ciki, 'yan kallo a kan ciyawar ƙofar gida, ƙofar garejin ita ce labule, ana jan ta da igiya. Daga nan aka koma ɗakin taro na coci, daga coci aka koma zauren makarantar sakandare. Sandar da Tedesco ya jagoranci makaɗa da ita a ranar nan tana nan har yau, 'yar siririya, ta yi baƙi saboda hannu. Wanda ke riƙe da ita shi ne shugaba, shi ke zaɓen wasa, shi ke raba wa kowa rawar da zai taka. Tana hannun 'yarsa, Kaka Filomena, wadda tsufa ya tanƙwara amma bai taɓa mata harshe ba. Ita ce ta sanar cewa ranar bikin cikar ƙungiya shekara saba'in za ta miƙa sandar ga wani, don hannunta ya fara rawa.

Tun daga ranar Wendell ya daina barcin kirki. Sandar nan yake so, so na haƙiƙa. Shekara da shekaru ana ajiye shi a layin baya cikin 'yan amshi, Kaka Filomena na yi masa alama da hannu ya rage murya a gaban jama'a. Abin yana ci masa rai ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ranar taron ƙungiya, tun ba a gama zuba kofi ba ya miƙe.

"Kaka, ki bar min bikin nan. Tarihi zan dawo da shi da ransa. A gareji aka fara, a gareji za a yi. Garejina! Wasan da babanki ya fara yi shi za mu yi, na sojan nan da ya dawo daga yaƙi budurwarsa ta sha guba a gabansa. Har da dokin."

"Babana bai sa doki ba," in ji Kaka.

"Don bai samu ba ne. Ni zan cika masa burinsa."

Doreen Halvorsen, ƙatuwar mace mai tuƙa motar 'yan makaranta, wadda ita ke da muryar da ta fi ta kowa a ƙungiyar, ta ajiye kofinta. "To wa zai fito a sojan?"

"Haba Doreen, ana ga rana kina tambayar ina haske?"

"Ni dai garin na ga ya yi duhu."

Aka kwashe da dariya. Kaka Filomena ta dube shi ta ce, "Je ka yi. Na tsufa, ina son in ga abin mamaki kafin in tafi. Amma ka san dokata, ita ce dokar babana. Muddin labule bai sauka ba wasa bai ƙare ba. Makaɗi ba ya tsayawa, ɗan wasa ba ya magana sai da waƙa, gawa kuma ba ta motsi. A zamaninmu ƙudan zuma ya taɓa sauka a hancin wata gawa, har aka rufe ba ta ƙifta ba."

"Kaka, ni za a koya wa doka? A New York..."

"Zauna, Wendell."

Ya zauna, amma a ransa ya riga ya ji sanyin sandar a tafin hannunsa.

Aka shiga shiri. Ya kwashe ragowar kafet da suka cika garejin tun zamanin da yana kasuwa, don rabon da mota ta kwana a ciki har an manta. Ya yi wa bango fentin fadar sarki, wadda Lorna ta ce ta fi kama da wurin wankin mota. A wajen gwaji ya ɗauki almakashi ya yanke rabin waƙar mutuwar Doreen ya ƙara a kan kukan da shi zai yi a kan gawarta.

"Wendell, waƙar nan ita ce zuciyar wasan," in ji Doreen.

"Wadda ta sha guba ba ta da dogon surutu. Ki mutu da wuri ki ba maza wuri."

Doreen ta dube shi. Ta yi irin murmushin da take yi wa yaron da ya manna mata cingam a kujerar mota, ta ce, "To, ranka ya daɗe."

Sai maganar wurin zama. Ciyawar Wendell ba za ta ɗauki jama'a ba, dole kujeru su tsallaka zuwa ta maƙwabcinsa, Hollis Pruitt, tsohon ma'aikacin gidan waya wanda ya fi son ciyawarsa da jikokinsa.

"Na ba ka aro saboda Kaka," in ji Hollis, "amma ka ji ni da kyau. Famfunan ban ruwana na fesowa da kansu in rana ta yi sanyi, kuma ba zan canza musu lokaci don wani soja ba. Ka gama kukanka kafin nan."

"Kafin nan ai ana can ana ɗaga ni sama. Ka tanadi hankici kawai."

Lorna ta ce a gwada ƙofar garejin ko sau ɗaya, tunda ita aka ba rimot ta zama mai jan labule.

"Mace, labule ake gwadawa? Ki danna ya hau, ki danna ya sauka. Wannan ko kyanwa ta iya."

Ranar biki ta zo, Asabar ce, gari garau. Larkhill kaf ta fito, har waɗanda ba su san opera ba sai dai sun san Wendell. Mata sun jera kek a kan tebur, makaɗa sun zauna a gefen hanyar mota da goge biyu da begila da fiyanon coci da aka turo a kan taya. Kaka Filomena na kujerar gaba, sandar a kan cinyarta. Wendell na tsaye a bakin titi cikin kayan soja da hular kwano mai gashin jimina, yana jiran farin ingarman da ya yi oda.

Mota ta tsaya, direba ya buɗe baya. Sai ga wani ɗan ƙuru, gajeren doki mai tumbi, ya sauko, an ɗaure masa geza da jan kirtani.

"Ina ingarman?"

"Wannan ne ba shi da aiki yau, yallaɓai. Sunansa Biskit. Bikin ranar haihuwar yara yake zuwa."

"Ya taɓa ganin yaƙi kuwa?"

Hollis ya leƙo ta kan shinge. "Ya gani mana. Da 'yan shekara biyar, a kan kek."

Babu yadda za a yi, an riga an fara kiɗa. Lorna ta danna, ƙofa ta hau, Doreen ta fito ta rera waƙar jiran masoyi, har wata tsohuwa ta fara share ido. Mai begila ya busa, alamar soja ya dawo. Wendell ya ɗare Biskit, takalmansa na jan ƙasa ta kowane gefe, ya zare takobin katako ya nuna gareji ya buɗe maƙogwaro.

Shi kuwa Biskit abu ɗaya aka koya masa a duniya: in an hau shi, ya zagaya. Ya kama zagaye 'yan kallo a hankali, kansa a ƙasa. Ya wuce ƙofar garejin ko kallonta bai yi ba, ya ratsa ta tsakiyar ciyawar Hollis.

"Ciyawata! Wendell, kofato! Kofato!"

Wendell na jan linzami yana rera waƙar nasara. Duk sanda suka iso saitin gareji sai ya miƙa wa Doreen hannu, ita ma ta miƙo, sai Biskit ya yi gaba da shi. Wani daga baya ya ce, "Sojan nan ko ya manta gidansu ne?" Wani ya ce, "A'a, yaƙin ne bai ƙare ba." Sai da Lorna ta yanko kek ta yi ta ja da baya da shi har cikin gareji, sannan Biskit ya bi ta. Da suka shiga Wendell bai ma sauka ba, miƙewa kawai ya yi, ƙurun ya fice ta ƙarƙashinsa ya je lungu yana lasar baki.

Duk da haka bai karaya ba. Ya saci kallon Kaka, ya ga ba ta tashi ba, ya ce a ransa ai babban abin na gaba, kukan nan shi zai sayo sandar.

Doreen ta ɗaga kwalbar guba ta shanye, ta rera ɗan guntun da aka bar mata, ta sulale ƙasa. Gareji dai gareji ne, ga fada, ga soja, ga doki, ga mace mai jiki. Kanta na ciki, ƙafarta ɗaya kuwa ta miƙe har bakin ƙofa. Wendell ya zube a gwiwa ya ɓarke da kuka da Italiyancin da ya haddace, har karnukan layin baya suka karɓa masa. Ya ja ƙarshen waƙar har fuskarsa ta yi ja, ya kifa kai a kan gawa. Lorna ta danna rimot.

Ƙofa ta ɗan motso ƙasa. Jama'a suka fara tafi, galibi don murnar an gama. Wendell ya ɗago, ya cire hular kwano ya shiga sosa sanƙonsa da hannu biyu. Sai ƙofa ta tsaya, ta yi ɗan tunani, ta koma sama.

Ya mayar da hula a karkace ya sake zubewa. Mai fiyano ta dubi Kaka, Kaka ta ɗaga sanda, aka koma farkon kuka. Haka ya sake rera shi kaf, ya sake kifa kai, Lorna ta sake dannawa. Ƙofa ta leƙo ta koma.

Tunda doka ta hana shi magana, sai ya saka faɗan a cikin waƙa. "Loooorna! Danna shi da kyaaaau!"

"Ina dannawa!" in ji Lorna, ita kam ba da waƙa ba.

"Ba ki iyaaa ba neee!"

"Ai ka ce ko kyanwa ta iya. Aiko ta!"

Hollis ya riƙe ciki. "Wendell, ka bar jaki kana dukan taiki! Ƙafar gawa ce ta tare ido!"

Kowa a Larkhill ya san idon nan, ɗan ƙaramin idon lantarki da ke ƙasan kowace ƙofar gareji, wanda ke hana ta sauka in akwai abu a hanya, don kada ta danne yaro ko kare. Kowa ya sani ban da mutumin da ya yi shekaru yana ajiye motarsa a waje. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wendell ya duba, ga takalmin Doreen zaune daram a gaban idon.

Ya sunkuya kamar mai sumbatar goshin gawa, ya yi raɗa. "Doreen, janye ƙafarki."

"Na mutu," in ji gawa, leɓe bai motsa ba.

"Don Allah, ɗan kaɗan kawai."

"Ka taɓa ganin gawa ta janye ƙafa? Kaka na kallo."

"Zan mayar miki da rabin waƙarki."

"Ka makara. Kai ka ce in mutu da wuri."

"Doreen, 'yar'uwata, ki rufa min asiri."

"Yi kukanka, soja. An buɗe maka fili."

Kiɗa ya sake zagayowa. Wendell ya ce bari ya mai da abin wasa, soja ya rungumi masoyiyarsa ya ja ta ciki. Ya sa hannu ƙarƙashin hammatarta ya ja. Ko gezau. Matar da ke juya sitiyarin ƙatuwar mota safe da yamma, in ta ce ta mutu to ta mutu da nauyinta duka. Ya tattara ƙarfi ya sake ja, sai wandon soja ya ce ɓaaar daga baya, aka ga gajeren wando mai zanen kifaye. Mai begila ya so ya daure, dariya ta kufce masa ta cikin begilar.

Italiyancin ma ya ƙare masa. Abin da ya haddace ya gudu, sai ya shiga rera sunayen abincin da ke gidan cin abincin Italiyawa na bakin babban titi, taliya iri-iri da miyarsu, yana dukan ƙirji. Kaka Filomena, wadda da yaren aka yi mata goyo, ta ce da ta kusa da ita, "Budurwarsa ta mutu, yana neman a ƙaro masa cuku."

Ana cikin haka rana ta yi sanyi. Aka ji tsss daga ƙarƙashin kujeru, famfunan Hollis suka ɗago kai. Wayyo, zo ka ga gudu! Mata na kare kek da jikinsu, masu goge na cusa gogensu cikin riga, limamin coci ya yi tsalle ya haye kujera, ruwan ya bi shi can. Ana ta ihu, "Hollis, kashe!" Hollis na cewa, "Na faɗa masa! Ku tambaye shi in ban faɗa masa ba!" Famfo ɗaya da ke bakin shinge ya juyo yana watsa ruwa har cikin gareji, yana wanke soja da gawa tare. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Mutum biyu ne kawai ba su motsa ba. Kaka Filomena na zaune ruwa na ɗiga daga haɓarta, sanda na kaɗawa, mai fiyano na bi. Doreen kuma na kwance. Ruwa ya cika mata takalmi, ba ta motsa ba. Biskit ya gama kek ya zo ya fara cin furannin da ke gashinta, yana hura mata numfashi a kunne, ba ta motsa ba. Idon Kaka na kan ƙafar nan, ba ya ko'ina.

A nan ne Wendell ya fashe. Ya yi jifa da hular kwano, ya miƙe, ya daka tsawa da muryar kasuwa, babu waƙa babu komai. "Ke tashi mana, matar nan! Wasa ya ƙare! Wace irin jarababbiyar gawa ce ke!"

Sanda ta tsaya, fiyano ya tsaya. Wani ya samo kan famfo ya murɗe. Wurin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa.

Kaka Filomena ta dafa kujera ta miƙe, ta tako a hankali ta cikin caɓi, sandar na hannunta. Ka san ɗan Adam da sa rai. Duk abin da ya faru, da Wendell ya ga ta nufo shi sai ya ce a ransa ko dai ta ga ƙoƙarinsa ne. Ya goge tafinsa a jiƙaƙƙen wando ya miƙa hannu.

Ta wuce hannun kamar ba ta gan shi ba. Ta sunkuya da ƙyar, ta buɗe yatsun gawa ta saka sandar a ciki.

"Tashi, 'yata. Ni na sauke miki labule. Tun ina yarinya nake kallon mutuwa a wasan nan, ban taɓa ganin wadda ta kai taki ba. Babana da ya gani da ya yi kuka."

Doreen ta buɗe ido ɗaya, ta buɗe na biyu, ta ture Biskit ta tashi zaune. Ta zazzage ruwan takalminta, ta fito waje ta rungume tsohuwar, jama'a na ihu.

"Shugaba, me za a yi baɗi?" in ji Hollis.

"Wannan dai za a maimaita, da waƙata cikakkiya. Wendell ma na ba shi babbar rawa. Zai fito a wani soja da aka kashe tun kafin a buɗe labule. Zai kwanta daga farko har ƙarshe."

Wendell na tsaye a tsakiyar gareji, hannunsa bai gama saukowa ba. Abin ya soke shi har ƙashi, amma baki bai san an ci shi da yaƙi ba. Ya gyara murya ya ɗaga yatsa. "Jama'a, ku saurare ni. Abin da kuka gani yau ba kowa zai gane shi ba. Duk wanda ya san opera ta gaskiya zai faɗa muku cewa..."

Lorna ta dubi rimot ɗin da ke hannunta, ta dubi mijinta, ta danna.

Wannan karon babu abin da ya tare ido. Ƙofa ta sauko sumul, ta rufe yatsan, ta rufe bakin, ta rufe kifayen, ta dira ƙasa. Tafin da ya tashi a wajen nan har layi na uku an ji shi, da fito da buga kujeru.

A ciki kuwa duhu ne da warin jiƙaƙƙen doki. Wendell ya tsaya yana saurare. Ba wawa ba ne har can, ya san abin da ake tafa wa. Amma tun da yake a duniya ba a taɓa yin tafi irin wannan yana kan dandamali ba. Ya ja rigarsa ya rufe inda ya yage, ya haɗa ƙafafu, ya rusuna wa ƙofar har ƙasa.